Ƙasa Ko Kwali: Da Me Ya Kamata Mu Yi Kwatancin Gini?

Tun ran da malamin aikin hannu ya umurce mu, ya ce kowane mutum huɗu su haɗa kai su gina kwatancin wani gini na gargajiya kafin hutu, gardama ba ta kwanta ba a ɗakin kwananmu. Aji ya rabu biyu. Waɗansu suka ce ai ba wata shawara, ginin ƙasa da ƙasa a ke kwatanta shi, wanda duk ya taɓa kwali ya raina aikin kakanninsa. Waɗansu kuwa suka ce ƙasa ƙazanta ce, wasan yara ne a bakin kududdufi, mai ilmi da kwali da fenti ya ke aiki, kamar yadda a ke yi a ofisoshin masu zanen gine-gine. Har aka kai ga laƙaba wa juna suna, ana ce da waɗannan 'yan ƙasa, waɗancan 'yan kwali. Ni kaina ɗan ƙasa ne na gaba-gaba, sai da na sha kunya na sauko. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da na gano cikin wannan mujalla tamu, ko Allah ya sa wani ya huta da wahalar da na sha. Ra'ayina a taƙaice shi ne, dukan ɓangarorin nan biyu sun ɗauko zance daga tsakiya. Ma'auni shi ne sarki a wannan aiki. Shi ke zaɓen kaya, shi ke kuma faɗin adon da za a sa da wanda za a bari.

Bari mu soma da ma'anar abin. Kwatancin gini shi ne ɗan ƙaramin gini wanda a ke yi da hannu a aza bisa tebur, kowane sashe nasa an rage shi da lissafi guda daga na ainihin ginin. Wannan lissafi shi na ke kira ma'auni. In an ce ma'aunin 1 bisa 50, watau kowane tsawo an raba shi gida 50 an ɗauki ɗaya. Bango mai tsayin mita 4 ya koma santimita 8. Mutum mai tsayin mita 1 da santimita 70 ya koma santimita 3 da milimita 4, tsinken ashana ma ya fi shi tsawo. Wannan kowa ya iya, ba mai gardama a kai. To, amma juya lissafin ka gani. Milimita 1 bisa tebur santimita 5 ne a jikin ginin gaske. Wannan juyi shi ne abin da mu ke mantawa. Duk abin da ka ɗora a jikin kwatancin, idon mai kallo zai ninka shi sau 50, ko ka so ko ka ƙi.

Ga yadda na koyi wannan karatu. Ni da abokan aikina muka zaɓi zauren gidanmu, don na san shi tun ina rarrafe. Na tafi ramin da magina ke haƙar birji na ciko buhu, na samo ciyawa na daddatsa, muka cuɗa yadda na ga ana yi, muka tayar da bango, muka shanya a rana tsaka, muna ta yabon kanmu. Kwana biyu muka koma, sai muka iske bangon ya tsattsage kamar gindin tafki da bazara. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da na ajiye ɗan mutum-mutumin da na sassaƙa a bakin ƙofa, sai na ga kowace tsakuwa da ke jikin bangon ta kusa kai girman kansa. Tsakuwa mai kaurin milimita 2, in an ninka, dutse ne mai santimita 10, cikin hannu guda. Guntun ciyawa mai tsawon santimita 5 ya zama gungume mai mita 2 da rabi. Ashe ni da na ke cika baki ina cewa na riƙe gaskiyar gini, zauren da na gina babu irinsa a ƙasar Hausa, zaure ne na duwatsu da gumagumai. Mun rage bango, mun rage ƙofa, amma ƙwayar ƙasa ta ƙi raguwa, don ita ba ta san ma'auni ba.

Kada 'yan kwali su yi mini dariya tukuna, nasu na nan tafe. Na ga abin da suka yi, na kuwa yaba tsabtarsa. Amma kwali abu ne mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, reza kuwa ba ta san wata hanya ba sai miƙaƙƙiya. Bangon tubali ba haka ya ke ba. Gindinsa ya fi kansa kauri, yana tashi yana sirancewa, don magini ya kan rage jerin tubali sa'ad da ya ke hawa. Kusurwarsa ba ta da kaifi, tafin hannu ne ya shafe ta, ruwan damina ya ƙara lallashinta. Da suka yi bangonsu da falle ɗaya na kwali mai milimita 2, sun ce wa mai kallo ke nan kaurin bangon santimita 10 ne, alhali kuwa gindin bangon babban soro ya kan kai mita guda, watau santimita 2 bisa tebur. Suka kuma shafa fentin mai, yana ƙyalli kamar jikin mota. Wani dattijo magini da ya zo gyaran katangar makaranta ya leƙa ta taga, ya dube shi, ya ce, "Samari, wannan kanti ne ko asibiti?" Ba wanda ya iya amsa masa. Mu mun yi ƙarya da tsakuwa, su sun yi ƙarya da kusurwa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Saboda haka ga ƙa'idar da na ke ba da shawara mu riƙe. Kafin ka ɗauki kowane abu, tambayi kanka, in an ninka wannan da ma'aunina, me zai zama a idon mai kallo? In abin da zai zama shi ne abin da ke jikin ginin, ɗauka, ko a juji ka tsince shi. In ba shi ba ne, ajiye, ko daga jikin ginin ka ɓanɓaro shi.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce, gwanayen aikin sun daɗe da saninta. Bayan gobarar da ta cinye birnin Landan a 1666, aka ɗora wa Christopher Wren aikin sāke babbar majami'ar Waliyyi Bulus. Cikin 1673 da 1674 ya sa aka yi masa kwatancinta a ma'aunin 1 bisa 25, tsawonsa ya kai wajen mita 6. Majami'ar ta dutse ce, amma ba a sa dutse cikin kwatancin ba. Da katako da filasta aka yi shi, domin su ne ke karɓar sassaƙa ƙanana ba su ɓare ba. Ba a ma gina majami'ar bisa wannan tsari ba, an sāke shawara, amma kwatancin na nan ajiye a cikinta har yau, shi ne babban shaidar abin da Wren ya so ginawa da fari. Haka kuma a Faransa, tun daga 1668, zamanin Sarki Luwi na 14, aka shiga yin kwatancin garuruwa masu ganuwa na kan iyaka, don sarki da sarakunan yaƙinsa su ga yadda kowane gari ya ke suna zaune a fada. Ma'aunin da suka tsaya a kai 1 bisa 600 ne, inda dogon mutum bai wuce milimita 3 ba. Gidaje da guntayen katako suka yi su, suka manna takarda mai zanen tagogi. Gonaki da makiyaya kuwa, alharini suka rina suka daddatsa ya yi laushi kamar gari, suka barbaɗa shi tare da rairayi bisa gam. Itatuwa ma alharini ne aka murɗa a jikin waya. Da sun ce sai ciyawar gaske, da kowane ganye ya rufe unguwa. Da yawa daga cikin waɗannan suna nan a birnin Faris, ana zuwa kallo.

To, tun da ma'auni ne sarki, shi za a fara naɗawa, kuma tambayar da kwatancin zai amsa ita ke naɗa shi. In so ka ke ka nuna wa yara tsarin gida dukansa, yadda baƙo ke tsayawa a zaure, yadda a ke bi ta shigifa kafin a kai cikin gida, inda turaka ta ke da inda rumbu ya ke, ɗauki 1 bisa 200. A nan mita guda milimita 5 ne, ba wurin zane ko tubali, sai surar ɗakuna da hanyoyi kaɗai, guntayen katako sun isa. In kuwa so ka ke a ga kamannin soro ɗaya, da zankwayensa da adon ƙofarsa, 1 bisa 50 ya fi dacewa. In so ka ke ka koyar da yadda a ke ginin kansa, to, sai 1 bisa 20, ka kuma ɗauki ɓangare ɗaya kawai, ka bar gefe guda ba yaɓe don a ga ciki. Tubali mai tsayin taƙi guda, a 1 bisa 50 bai fi ƙwayar dawa ba, ba mai iya jera dubunsa, kuma ba amfani tun da yaɓe zai rufe shi. A 1 bisa 20 ya kai ƙwayar gyaɗa, ana iya mulmula shi da yumɓu a jera a ga yadda ya ke hawa. Kuskuren da na fi gani a ɗakin aikinmu shi ne mutum ya so kwatanci ɗaya ya amsa tambaya uku. Wanda ya yi haka ya kan tashi ba ko ɗaya.

Yanzu sai mu zo ga kaya, in ɗauki 1 bisa 50 tun da shi yawancinmu ke aiki da shi. Abin da na gano shi ne a raba aikin biyu, ƙashi dabam, fata dabam. Ƙashi shi ne abin da ke ɗauke da sura, ba a ganinsa, saboda haka abin da a ke nema gare shi uku ne: rashin nauyi, da rashin motsi in ya bushe, da sauƙin sassaƙa. Cikin gwangwalar tukurwa ya cika waɗannan duka, wuƙa na cinsa kamar rogo. Katako mai taushi ma ya yi. Kwali kansa ya yi, in an liƙa falle bisa falle har kauri ya kai, sa'an nan a fere shi gindi ya fi kai faɗi, a goge kusurwoyi su dakushe. Ga amfanin kwali ke nan, 'yan ƙasa su ji. Amma a shafe shi da farin gam na kafintoci ciki da waje ya bushe tukuna, in ba haka ba zai sha ruwan yaɓe ya lanƙwashe.

Fata kuwa, a nan ne ƙasa ke da gaskiya, 'yan kwali su ji. Ba fentin da ya kai ƙasar wuri ba da launin wurin. Sai dai ba ƙasar da magini ke cuɗawa ba. A ɗebo ta a jikin ramin da aka gina ginin da shi in da hali, a shanya, a daka a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi, a sāke tacewa da ƙyalle, har in ka murza tsakanin yatsu ba ka ji tsakuwa ba. A dama ta da ruwan ƙaro, ko farin gam da aka tsinka da ruwa, ta yi kaurin kunu. A shafa da buroshi sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe kafin na bayansa, dukansu kada su wuce milimita 2. A inuwa a ke shanyawa, nesa da iskar hunturu, gama waje ya kan riga ciki bushewa, shi ke kawo tsagewa. Yumɓun tukwane zalla ya kan tsuke da wajen kashi ɗaya cikin ashirin in ya bushe, wani ma ya fi haka, ƙashin katako kuwa ba ya binsa, dole fatar ta dare. Don haka kada a yarda da ƙasar da ba a gwada ba. A shafa ta a guntun katako, a ajiye kwana uku, a duba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina kuma gargaɗi game da kullun rogo da na fulawa. Suna liƙewa ƙwarai, ga araha, amma abinci ne, kyankyasai da ɓeraye sun san haka ko mu mun manta.

Sai ado da ƙananan abubuwa, inda hannu ke ƙaiƙayi. Azara dai giginya ce da aka tsaga, faɗinta a jikin gini bai fi santimita 5 zuwa 10 ba, watau milimita 1 zuwa 2 bisa tebur. Tsinken tsintsiyar kwakwa shi ne daidai da ita, har launi da zaruruwan jiki. Amma a nan akwai tarko. Magina ba su cika ɗora azara bisa sararin da ya wuce ƙafa 6 ba, watau wajen mita 1 da santimita 80, domin in ta wuce haka nauyin ƙasar rufi ya kan lanƙwasa ta. A ma'auninmu santimita 3 da milimita 6 ke nan. Tsinken tsintsiya kuwa zai haye santimita 10 bai ko nuna gajiya ba. Wanda ya bi ƙarfin tsinke ya shimfiɗa shi haka, ya gina ɗaki mai faɗin mita 5 ba ginshiƙi ba baka, abin da ba ya tsayuwa a duniya. Ƙarfi ma bai san ma'auni ba, kamar tsakuwa. Ai wannan gajartar azara ita ta haifi bakan gizo. Magini ya kan kafa azara a jikin bango ta leƙo, ya ɗaura wata bisa ta ta ƙara leƙowa, haka haka daga ɓangarorin biyu har su gamu a sama, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Mai kwatanci a 1 bisa 20 ya kamata ya bi wannan hanya sosai, da tsinke da zare. Mai 1 bisa 50 ya lanƙwasa waya bisa zanen da ya auna, ya naɗe ta da zare don yaɓe ya kama, ya isa.

Tulluwa, watau ƙubbar da ke bisa soro, kowa sakaina ya ke rarumowa, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai tulluwar Hausa ba ta cika tsayi ba, kwanciya ta ke yi. A yanki gindin ƙwarya kaɗai, kada a kifa rabinta dukansa, in ba haka ba a maida soron Zazzau ya koma na Istambul. Zanko a sassaƙa shi da katako, a kafe shi da allura, don shi ne farkon abin da hannun riga ke karyawa. Indararo kuwa, ƙashin gashin kaza da aka tsaga biyu ya yi daidai. Kada a manta da shi don ƙanƙantarsa, gama soron da ba indararo damina ɗaya ke rusa shi, duk wanda ya tashi a gidan ƙasa zai lura.

Zanen bango shi ya fi yaudararmu. Zanen da ya taso daga bango da santimita 5, milimita 1 ne bisa tebur. Abawa ita ce daidai da wannan kauri. A zana surar da fensir bisa shafi na biyu, a tsoma zaren cikin gam, a bi layin da shi ana turawa da bakin allura, in ya bushe a bi da shafi na ƙarshe mai ruwa-ruwa. Inda zanen na tono ne, a tona da allura tun yaɓe na da ɗanye. Duk layin da bai kai santimita 2 a jikin gini ba, a bar shi, don bisa tebur bai kai rabin milimita ba, in ka ce sai ka sa shi dole ka ƙara masa kauri, ka ɓata na kusa da shi. Game da launi kuma, a tuna bangon da aka shafe da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ya fi na ƙasa zalla duhu. Rufi da rawanin bango kuwa, inda a ke sa laso na katsi da gashin jima da dafara, launinsu dabam ne, ya fi kusa da toka. A nuna wannan bambanci da garin gawayi ko toka kaɗan cikin shafi na ƙarshe. A kuma rage ƙarfin kowane launi, domin kallon kwatanci daga nisan mita 1 daidai ya ke da hangen gini daga mita 50, abin da ke nesa kuwa launinsa ya kan kwanta.

Akwai wata ƙa'ida ta biyu da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina: kada ka sa abin da ba ka auna ba. Na ga wani abokinmu ya cika fuskar zaure da dagi da takubba, alhali zauren da ya kwatanta ba shi da ko layi ɗaya. Na tambaye shi, ya ce ai ya fi kyau haka. Wataƙila wani ya ce mene ne abin damuwa, aikin aji ne, bayan hutu a zubar. Ni ban ɗauke shi haka ba, ga dalilina. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, masana sun haɗu a kan yana cikin mafi kyaun ginin ƙasa da aka taɓa yi a ƙasar Hausa. A cikin shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, fuskarsa ta waje ba ta ganuwa yadda ta ke a da. Abin da ya taimaka shi ne, wani masanin gini mutumin Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi, cikin aikin da ya soma a 1958 na auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya. Bisa irin wannan awo aka sāke gina kamarsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, tare da ɓangaren ganuwar Kano da na gidan Sarkin Katsina. Dmochowski ya rasu a 1982, littattafansa uku ba su fito ba sai 1990. Da ya bi son ransa ya ƙara zane inda babu, wa zai iya ƙaryata shi yau? Masallacin Zariya ya sami mai auna shi. Zauren kakanka da na kakana fa, wa zai auna su? Kowace damina waɗansu na faɗuwa, a share wuri a jera bulo. Yana yiwuwa ɗan abin da ka gina bisa tebur shi kaɗai zai rage, jikanka ya ɗauke shi shaida. In ka yi ƙari, ka yi shaidar zur ga wanda ba shi da hanyar bincike.

Don haka awo ya riga yanka. A nemi izinin mai gida da ladabi, a tafi da igiyar awo da littafi, a auna kaurin bango a gindi da kuma a kai, a ƙidaya zankwaye, a zana abin da ido ya gani. A nemi dattawan magina, a durƙusa a gaishe su, a tambaye su sunan kowane sashe, gama abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Inda wani ɓangare ya rushe, ko inda ba a yarda baƙo ya shiga ba, a bar wurin fili ba ado, a shafa masa farar ƙasa don kowa ya san zato ne. A ƙarshe a manna takarda a jikin falankin da ke ɗauke da kwatancin, a rubuta sunan gini da gari, da ma'auni, da shekarar awo. A kuma tsayar da ɗan mutum-mutumi a bakin ƙofa. Shi ne alƙali, shi ya kama ni.

Na san za a ce mini zamani ya wuce wannan wahala, tun da yanzu akwai na'ura mai yanka kwali da haske, da wadda ke zuba roba ta fitar da siffar da aka zana a kwamfuta. Ban raina su ba. Ga ginin bulo da gilashi, inda kowane layi miƙaƙƙe ne, sun fi hannu nesa ba kusa ba, kuma suna iya yanka mana ƙashi mu huta. Amma na'ura abin da aka ba ta shi ta ke maidowa, in ka ba ta awon ƙarya ta fitar maka da ƙarya mai tsabta. Fatar ginin da tafin hannu ya shafe kuwa, har yanzu hannu ya fi kusa da ita. Banda wannan, yawancinmu malaman makaranta za mu zama, waɗansu a ƙauyukan da ba wutar lantarki. Kara da ƙaro da tsintsiya da sakaina suna ko'ina, ba a biyan ko kwabo. Malamin da ya iya aiki da su ya iya koya wa yara lissafin kashi da awo da tarihin garinsu a darasi ɗaya.

Ina kuma da ɗan roƙo wurin malamanmu, Allah ya ƙara musu girma. Ran da za a duba aikin nan, a zo da abin awo a hannu. In an ba mai ƙyalli lamba ta fari, baɗi kowa fentin mai zai saya, a manta da awo. In kuwa an auna kaurin bango, an tambayi ɗalibi dalilin da ya sa ya zaɓi kowane abu, da dalilin da ya sa ya bar wancan, to, za a sami masu lura.

Mu dai mun rushe zaurenmu na fari, mun sāke wani, ƙashinsa na kwali, fatarsa ta ƙasar unguwarmu da aka tankaɗe sau biyu. Yana nan a ɗakin aikin hannu, kusa da taga ta gabas. Wanda ya ke so ya zo da abin awonsa ya gwada, in ya sami kuskure ya gaya mini, zan gode masa. Wanda kuma bai yarda da abin da na faɗa ba, ɗan ƙasa ne ko ɗan kwali, filin mujalla a buɗe ya ke, sai mu ji daga gare shi a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.